Mai Riƙon Ƙwarya

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Na ƙirga su da agogo, ba sau ɗaya ba,
daga ɗaukewar wutar Nepa
zuwa tarin farko na janareto.
A wurinka ƙiftawar ido ce, Nomau.
Ga bakwainin da ke cikin kwalba a ɗaki na uku
tafiya ce mai nisa,
wani in ya tafi ba ya dawowa.

A wannan tsakanin na'urar nan ke tsayuwa,
mai riƙon ƙwarya, ba rawani, ba kirari,
batura arba'in a jere bisa kanta
kamar shinkafar da aka ɓoye wa baƙar rana.

To, tunda yau ka fara, cire zoben nan.
Na san na azurfa ne, na san na kakanka ne.
Wuta ba ta san kakanka ba.
Dubi yatsana. Farin tabon nan
zobe ne ya rubuta shi, shekara tara ke nan,
ranar da na ce, ai na kashe.
Na kashe kuwa.
Ashe tana kwana a ciki
kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Ka kashe, ka sa kwaɗo, makulli a aljihunka,
ka rataya sunanka a jikin makunni,
ka jira.
Sannan ka tambayi mita.
Mita kaɗai ke faɗin gaskiya a ɗakin nan,
ko ni kada ka yarda da ni.
Safar roba, hura ta tukuna, ka saurari ko tana huci.
Sifana ba ya hutawa a kan batir.
Kai kuma ba ka shigowa kai kaɗai.

Babban abokin gabarta zafi ne.
In bazara ta zauna a kan Yawuri
har kifin Kwara ya nemi zurfi,
batir na tsufan shekara biyu a cikin ɗaya.
Duba fanka. Kakkaɓe ƙurar raga.
In ka ga ciki ya kumbura,
in hancinka ya ji ruɓaɓɓen ƙwai,
buɗe ƙofa, fita, kira ni.
Ba a jarumta a nan.

Jajayen soket ɗin can na marasa lafiya ne.
Magawata maigadi ya taɓa jona hita a ɗaya,
shayi yake so, bawan Allah,
na'ura ta yi ta kuka har asuba.
Yanzu ni ke kawo masa ruwan zafi a fulas.

Ga littafi. Rubuta ko da ba abin da ya faru.
Musamman ma in ba abin da ya faru.

Bara, daren hadarin farko,
iska ta kwantar da turaku,
janareto ya yi tari uku, ya yi shiru.
Muna kansa da tocila a baki, ruwa na dukanmu,
ita kuwa tana ciki tana riƙe:
kwalabe biyu, injin numfashi, fitilar tiyata.
Minti ashirin da shida.
Kwana takwas kafin nan na canza batura huɗu,
bayan na yi wata biyu ina sintiri ofishin akanta
yana ce mini, ai suna aiki.

Da aka sallami uwar yaron
ta wuce ni a bakin ƙofa, goyo a baya, kwano a ka.
Ta ce, Malam, ina ake samun keke?
Na nuna mata.

Sa safarka. Mu fara da na ƙasa.